Jikin Kaka da Sauƙi

Birnin Kudu,
ranar Asabar.

Zuwa ga Goggo Batulu, a Sara.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, Goggo, da fatan kina lafiya tare da mutanen gida. Ni lafiyata ƙalau, sai dai sauro. Idan ba haka ake fara wasiƙa ga babba ba, ki yi haƙuri ki gyara min, don gyaran ma shi na zo nema.

Ni ce Khairiyya, 'yar marigayi Jafaru Hambali, wanda ya yi aiki a tashar jiragen ruwa ta Kalaba. Ni ce na kira ki a waya shekaranjiya kina ta cewa "Wa? Wa?" har katina ya ƙare. Badamasi direba, wanda ya ba ni lambar, daga baya ya gaya min kunnenki ya yi nauyi, amma kina karatu kina rubutu, kuma shi kullum yana bin hanyar Sara. Shi ya sa na koma takarda.

Bautar ƙasa ce ta kawo ni, ina koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata. Ni na roƙa a turo ni Jigawa. Mahaifiyata 'yar Kalaba ce, a can aka haife ni, a can na girma, ban taɓa taka Arewa ba sai bana. Hausar da nake ji ta Baba ce. Ni da shi kaɗai muke yin ta a gida, shi ya koya min rubuta ta, ya rasu ina tsakiyar sakandare. Na ɗauka na iya Hausa, Goggo. Da na zo nan sai na tarar kalmomin duk na san su, amma abin da mutane suke nufi da su daban.

Ranar da na iso, Hajiya Tani, mai gidan da nake haya, ta ce min, "Ina gajiya?" Na ce mata wallahi na gaji sosai, na fara ba ta labarin hanya tun daga Kalaba. Matan gidan suka yi ta kallon juna. A makaranta Malama Hapsatu tana cin ɗanwake ta ce min "Bismillah," na jawo kujera muka cinye tare, har na fi ta ci. Tun daga ranar in ta ga na shigo sai ta rufe kwano. An ce min maƙwabciyarmu Sa'adiyya ta sauka, na ce daga wace mota, ashe haihuwa ta yi.

Wanda ya fi damuna shi ne na makon jiya. Na ga mata sun cika wani gida a layinmu, na tambaya, aka ce an yi rashi. Na shiga na ce wa matar gidan, "Me aka rasa? Kun duba ɗaki da kyau?" Goggo, mijinta ne ya mutu. Har yau ba na iya bi ta ƙofar gidan.

Baba ya sha gaya min ke 'yar ƙanin mahaifinsa ce, gida ɗaya kuka tashi, kuma ke ce ba kya ɓoye masa gaskiya. Ki koya min maganar mutane kafin in zo gaban Kaka, Malam Hambali, kada in je in yi masa irin wannan ɓarnar. Sannan ki gaya min, ya san ina nan? Zai so ganina? Da Baba ya rasu bai zo ba, wani ƙanin Baba ne kawai ya zo mana gaisuwa. Mama tana ganin auren da Baba ya yi ne har yanzu bai yafe ba.

'Yarki,
Khairiyya.


Sara,
ranar Talata.

Zuwa ga 'yata Khairiyya.

Wa'alaikumus salam wa rahmatullahi. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kin tashi lafiya. Ya baƙunta, ya ɗalibai, ya Hajiya mai masaukinki? Mu nan lafiya lau. Ruwa ya sauka, an gama shuka, gero ya fara ɗagowa. Kunnen nan dai sai godiya.

Wasiƙarki ta same ni ina tankaɗe. Da na ga sunan Jafaru sai rariyar ta suɓuce daga hannuna. Na yi kuka, na yi dariya, na sake kuka. Allah ya ji ƙan ɗan'uwana. Ya ba ki Hausa, amma tsirara ya ba ki ita, bai haɗa miki da zanin da ake ɗaura mata ba.

To, saurara. In an ce ina gajiya, ba gajiya ake cewa, ko da ƙafafunki sun kumbura. Mai tambayar ya san kin gaji, shi ya sa ma ya tambaya. In an ce Bismillah, ki ce Alhamdulillahi, a ci lafiya. Sai an nace, an turo kwanon gabanki, sannan ki sa hannu, kuma ki bar saura. Wadda ta sauka barka ake yi mata, a ce Allah ya raya. Gidan rashi kuwa tun daga ƙofa za ki cire takalmi, ki durƙusa, ki ce ya haƙuri, Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta. Ki ɗan zauna shiru, sannan ki tashi. Ki koma gidan matar nan ki yi haka. Kada ki tsaya bayanin abin da ya wuce, ta san baƙuwa ce ke. Babba ba a gaishe shi a tsaye, ba a zuba masa ido, ba a miƙa masa abu da hagu. Ki riƙe waɗannan tukuna, sauran a hankali.

Na karanta wa Baffa wasiƙarki, wato kakanki. Ya saurara har ƙarshe. Can sai ya jawo ni ya ɗaga murya a kunnena, ya ce in rubuta miki haka, kada in rage komai: "A gaya wa mummunar matar nan tawa, sai yanzu ta tuna da ni? Tana Birnin Kudu tana cinye ɗanwaken mutane, ni ina nan da yunwa. Na sake ta. Kada ta tako min gida." Kin ji saƙonsa, sai ki san amsar da za ki ba shi. Ya kuma tambaya ko wancan mutumin ya bar wasu 'ya'yan bayan ke.

Kwanan nan yana ɗan jin jiki, amma da sauƙi. In kin samu sarari ki leƙo mu, ba gaggawa.

A gaida Hajiya, a gaida mahaifiyarki in kun yi waya.

Goggonki,
Batulu.


Birnin Kudu,
ranar Juma'a.

Goggo,

Assalamu alaikum. Kun tashi lafiya? Ya ruwa, ya gona, ya mutanen gida? Ni lafiya lau, ba gajiya. Kin ga na fara koyo.

Na koma gidan matar nan na yi yadda kika ce. Da na ce ya haƙuri sai ta kama hannuna ta ce, "Sannu baƙuwa, na gode," har ta sa aka ba ni ruwa. Na gode miki.

Amma Goggo, na karanta saƙon Kaka har takardar ta fara yagewa a wajen ninki. Ban gane ba, ko kuma na gane ne ba na so in yarda. Bai taɓa ganina ba, ta yaya ya san ni mummuna ce? "Matar nan tawa" na ɗauka yana nufin macen da ta fito daga jininsa. To in haka ne, "na sake ta" ya cire hannunsa daga kaina ke nan. "Kada ta tako min gida" kuwa ba ya buƙatar fassara, ko a Kalaba an san wannan. Abin da ya ƙara ruɗa ni, ke kin rubuta shi kamar ba komai, har kina cewa in san amsar da zan ba shi. Wace amsa? Haƙuri zan ba shi? A kan wane laifi? Ɗanwaken ne?

Wanda ya fi min ciwo shi ne "wancan mutumin." Babana yana da suna. Jafaru. Kaka ne da kansa ya raɗa masa. Mutum ya mutu shekara da shekaru, har yanzu bakin mahaifinsa ba zai iya ɗaukar sunansa ba? Shi kuwa Baba ba ya tashi daga sallah sai ya yi wa Kaka addu'a, ina jin sa daga ɗakina. Ni kaɗai ya bari. Ki gaya masa, in har yana son sani.

Na so in nuna wa Hajiya Tani wasiƙar ta warware min, kunya ta hana ni, kada ta ji kakana ya kore ni tun kafin ya gan ni. Tunda jikinsa da sauƙi, kuma kin ce ba gaggawa, zan bari sai an yi hutu. In na zo ma wurinki zan sauka. Ba zan shiga inda aka hana ni ba.

'Yarki,
Khairiyya.


Sara,
ranar Laraba.

'Yata Khairiyya,

Assalamu alaikum. Da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ya aiki, ya Hajiya. Mu nan alhamdulillahi, ana ta noman farko.

Shirun ya yi yawa. Motar Badamasi ta lalace, an ce tana gareji a Gwaram, shi kuma ya tafi Kano neman kayan gyara, don haka ban sani ba ko kin rubuto ko ba ki rubuto ba. Ko na faɗi wani abu ne da bai yi miki daɗi ba? Wannan na ba Mairama mai kai man shanu kasuwarku, in kina da amsa ki ba ta.

Jikin Baffa ya ɗan matsa, amma da sauƙi, alhamdulillahi. Ya daina fita masallaci. Kunu ma sai an lallaɓa shi. Mutanenmu na Maruta sun zo dubiya sun kwana, na Sundimina suna hanya. Ya sa an juya masa shimfiɗa tana kallon ƙofa. Duk wanda ya yi sallama sai Baffa ya ce, "Ba dai mummunar nan ba ce ko? Ku kore ta."

Ni dai na ce bari in sanar da ke. Mai hankali ce ke.

Goggonki,
Batulu.


Birnin Kudu,
ranar Lahadi.

Goggo,

Wa'alaikumus salam. Ina gaisuwa, ya mai jiki, ya baƙi? Ni lafiya. Mairama tana jira, a tsaye nake rubutu.

Na rubuto miki tuni, na ba Badamasi. Na ji daɗi da jikin Kaka ya matsa, ci gaba ake samu ke nan ko? Amma in ana samun ci gaba, me ya hana shi masallaci? Kuma in da sauƙi, me ya tara mutanen Maruta da na Sundimina? Ko haka ake yi in mutum ya warke, a zo a taya shi murna? Na zauna da wasiƙar nan kamar lissafin da amsarsa ta ƙi fita.

Abu ɗaya na gane sarai. Ya sa an juya masa shimfiɗa don ya tsare ƙofa kada in shigo. Ki gaya masa ya kwantar da hankalinsa ya sha kununsa, ba zan zo ba.

"Mai hankali ce ke" yabo ne ko faɗa? Ki riƙa gaya min, don wallahi na daina ganewa.

'Yarki,
Khairiyya.


Sara,
ranar Alhamis.

Khairiyya,

Assalamu alaikum. Gaisuwar yau a taƙaice, Allah ya sa kina lafiya.

Wasiƙunki biyu da safen nan suka iso tare. Ta farko tana aljihun motar Badamasi duk kwanakin nan, ta biyu Mairama ta biya da ita Sundimina wurin 'yarta. Na karanta na ɗora hannu a ka. Laifina ne. Na koya miki ba gajiya, na manta ban koya miki da sauƙi ba.

Yanzu zan yi miki irin Hausar da kike ji. Kakanki ba shi da lafiya sosai. An kai shi asibiti, likita ya ce a dawo da shi gida a yi ta addu'a. Mutuwa yake shirin yi, Khairiyya. Ban taɓa faɗin haka a kan mai rai ba, Allah ya yafe min. Mu nan ko mutum yana kan gargara da sauƙi muke cewa, don ba a yanke ƙauna daga rahamar Allah. Jiki ya matsa, ciwo ne ya tsananta. 'Yan'uwa in sun taru suna kwana, sallama suka zo yi. Ba gaggawa kuwa kara ce na yi miki, don kada in ɗora miki nauyi. Akwai gaggawa.

Maganar mummuna, haba 'yata! Kaka da jika ai wasa ne tsakaninsu. Duk jikarsa mace matarsa ce a wasa, ya aure ta da safe ya sake ta da yamma, kuma wadda ya fi so ita ya fi zagi. Jikokinsa na gida in ya ce musu munana, sai su ce wa zai zauna da tsoho marar haƙori. Amsar da yake jira ke nan. Kullum sai ya tambaye ni me kika ce, in ce ba ki ce komai ba tukuna, sai ya mai da ido ƙofa.

Sunan babanki kuma, Jafaru ɗan fari ne. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa. Kunya ce, mun gaje ta tun kakanninmu suna bin shanu. Tun muna yara ban taɓa jin sunan a bakinsa ba, "wancan" yake cewa. Labarin rasuwar babanki ya zo mana bayan an binne. Baffa ne ya tura ƙanin babanki, shi kuma ya shiga ɗaki ya rufe, abincin da aka kai masa haka aka riƙa fito da shi. Auren mahaifiyarki ya yi fushi da shi a farko, ba zan ɓoye miki ba, amma fushin bai daɗe ba. Babanki nauyi ya hana shi dawowa, shi kuma nauyi ya hana shi kira, har lokaci ya ƙure musu.

Badamasi yana ƙofarku, na ce kada ya motsa sai da ke. Ki nemi izini a makaranta, ki ɗauki mayafi ki taho.

Batulu.


Sara,
ranar Litinin.

'Yata Khairiyya,

Assalamu alaikum. Kin koma lafiya? Ya haƙuri, ya gajiyar zaman makoki? Allah ya ji ƙan Baffa, ya haɗa shi da ɗansa a gidan rahama. Mu nan baƙi sun ragu, gidan ya yi faɗi. Matan Maruta suna ta tambayata wa ya yi miki tarbiyya, na ce babanki.

Abu ɗaya ya tsaya min a rai. Ranar da kika iso ina bakin ƙofa, ina gani amma ba na ji. Na ga kin durƙusa kin yi magana, mutanen ɗakin sun zaro ido, shi kuma ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Daga nan ya sa kowa ya fita. Can na ga kin tashi kin taho wajen ƙofa, na matsa miki na zaci fita za ki yi, sai kika juya kika koma. Kika sake tahowa, kika sake komawa. Shi kuwa ya ja mayafi ya rufe fuskarsa. Washegari ya cika, hidima ta hana ni tambayarki.

Me ya faru a ɗakin nan? Wani abu ya ce ki nemo masa? Ko ɓata miki rai ya yi, kika rasa ko ki fita ko ki zauna? Yanzu ni ce ban gane ba. Ki yi min bayani a fili.

Goggonki,
Batulu.


Birnin Kudu,
ranar Laraba.

Goggona,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullahi. Kun tashi lafiya? Ya ƙarin haƙuri, ya baƙi, ya kaɗaici? Ni na dawo lafiya, haƙuri sai godiya. Hajiya Tani da Malama Hapsatu suna yi muku ta'aziyya, Mama ma ta ce in isar mata. In an yi hutu ina tafe, a gidan zan yi shi duka. A gaida kowa.

Bai ɓata min rai ba, Goggo. Ga yadda aka yi.

Da na shiga, duk abin da kika koya min ya gudu. Takalmi kawai na tuna na cire. Na durƙusa, na buɗe baki zan ce ya jiki, sai na ji na ce, "Kaka, ya haƙuri?" Shi ne kika ga an zaro ido. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Kun ji ta ko? Ban mutu ba har ta fara takaba." Na ce, "Wa zai yi wa tsoho marar haƙori takaba?" Dariyar da kika gani ke nan. Ya ce, "Tawa ce. Ku ba mu wuri."

Da aka fita ya yafito ni na matso kusa. Sai ya ce, "Ya yi furfura?" Saura kaɗan in ce "Wa?", sai na kama bakina, na gane Baba yake nufi. Na ce, "Kaɗan, a gemu, ta gefen nan." Ya kai hannu ya taɓa nasa gemun. Ya ce, "Wa ya yi masa wanka?" Na ce limamin unguwarmu da abokan aikinsa. Ya ce, "An samu mutane?" Na ce masallaci ya cika har waje. Ya ce Alhamdulillahi, ya maimaita.

Sannan ya ce, "Tun da kika shigo na ga wani abu. Tashi ki je bakin ƙofa ki dawo."

Ban gane ba. Na ɗauka wata al'ada ce da ba ki kai ga koya min ba, ko kuma wasan ne bai ƙare ba, korata yake yi. Na tashi na je, na gan ki kin matsa min, na juya na dawo. Ya ce, "Ƙara." Na ƙara. Sai na lura ba fuskata yake kallo ba, ƙafafuna yake kallo. Ina cikin tafiyar ne na tuna faɗan da Mama take yi min tun ina ƙarama, wai in daina jefa ƙafar hagu waje ina karkata kafaɗa, mace ba ta tafiya kamar babanta.

A lokacin ne ya ja mayafi ya rufe fuska. Na tsaya. Daga cikin mayafin ya ce, "Kada ki tsaya, ina jin takun." Na ci gaba da zuwa da dawowa a kan tabarmar nan, ina share hawaye da gefen gyale, har na ji numfashinsa ya koma na mai barci.

Ban tambaye shi tafiyar wa yake kallo ba. Shi ma bai faɗa ba.

'Yarki,
Khairiyya Jafaru Hambali.